Na durƙusar da Kawuna a jikin kwali

Salamu alaikum 'yan grup, admin don Allah a ɓoye sunana. Wallahi da kun ga kwalin nan ranar da ya hito daga amprimeri, wajen masu buga takardu, da kun rantse daga waje anka kawo shi, ja da ruwan zinari, rairayi na tashi a baya, ga 'yar taga ta leda a gaba ana hango mutum-mutumin ciki, ni kaina sai jujjuya shi nike ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. To wannan kwalin ne ya jefa ni cikin abin da na rasa mahita. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗan Tasawa ne, ba wanda ya koya mani desan, wato zane, tun ina lakwal, makarantar boko, nike zane da bik, biron rubutu, daga baya na koma yi a salula, wayar hannu, ina kallon bidiyo ina kwaikwayo. Abin da ya hi ɗaukar hankalina shi ne kwalayen 'yan tsanar jarumai da mutanen waje ke tarawa, wasu ko buɗewa ba su yi, don kwalin shi ne rabin kayan. Ina da aboki, Sani, shina sassaƙa 'yan kokowa ƙanana da icce, hannu da ƙahwa duk suna motsi. Sai na ce mashi mi zai hana mu yi namu jaruman, kai sassaƙa ni kwali. Munka ce mu soma da Kawuna, wan mamata, da ke Korgom. Tsohon ɗan kokowa ne, duk yankin an san shi, makaɗa har yau suna cewa ƙasa ba ta san gwiwarshi ba. Na tahi na nemi izni, ya yi dariya ya ce to ɗana, amma ka yi mani ƙirjina na da, in ka zana tumbin ga ni da kai ne.

Bon, ku da ke kallon fim kun san saukar nan da jarumi ke yi in ya diro daga sama, gwiwa guda a ƙasa, dunƙulallen hannu a ƙasa, kai a ɗage, ƙasa na tsagewa. A wajena ba tsayuwar da ta kai ta nuna ƙarhi. Ita na yi ma Kawu, da layunshi da warkinshi, vraiment ban taɓa zane mai kyau irinshi ba. Na san dokar kokowa sarai, gwiwa da hannu sunka taɓa ƙasa an kada kai, amma idona ya saba da na salula, ko kaɗan ban gani ba. Sani ma bai gani ba. Don zumuɗi na ɗora foton a statu, inda duk mai lambata ke gani, tun kahin in kai ma Kawu.

Kahin in isa Korgom foton ya riga ni. Wani tsohon abokin karawarshi na Maijirgi, wanda bai taɓa kada Kawu ba, ya bugo mashi waya shina dariya, wai ashe sai da ka tsuhwa anka same ka, kuma ɗan ƙanwarka ya kada ka, da bik ma. Da na miƙa mashi kwalin a majalisa kowa ya ƙura ma zanen ido. Na shiga bayani, Kawu ai dirowa ce ka yi daga sama, irin ta jarumai. Wani dattijo ya ce daga sama, to wa ya ɗaga shi? Majalisa ta kwashe da dariya. Kawu bai zage ni ba, ya aje kwalin a kan tabarma ya ɗauki sandarshi ya shige gida.

Tun ranar bai sake hitowa majalisa ba, kasuwa ma aike yake. An ce yara in sun hango shi sai su dira a gwiwa guda su doki ƙasa da hannu suna ihu, su wasa suke, saukar ce ta burge su, amma shi ba haka yake gani ba. Mamata ta ce in ƙone kwalayen duka, ta daina amsa gaisuwata da kyau. Ga wani kiliyan, mai son saye, a Yamai mai tara irin waɗannan kaya, ya ce wannan zanen shike so ba wani ba, Sani kuma shina ta roƙona kada in rushe mana ƙohwar da ta buɗe. Ni ba kwalayen ne damuwata ba, ko na ƙone su yau foton na cikin salular mutane.

Sai na zauna na sake zane, Kawu a tsaye cak, hannuwa buɗe, ƙahwahu kafe a ƙasa. Na hau moto na kai mashi. Na iske shi a ɗaki ya gama salla a kan kujera, ashe ciwon gwiwa ya daɗe da hana shi sujada, ni ban ma sani ba, gida kawai sunka sani. Ya daɗe shina kallon sabon zanen, ya ce ya yi kyau ɗana, amma wanga mutumin da ka zana ya tahi tuntuni, wancan na farkon ya hi kama da ni yanzu. Ya maido mani. Wallahi da zagina ya yi da ya hi mani sauƙi.

Yanzu ban san abin yi ba. In ƙone in ce ma kiliyan shi yi haƙuri, ko in buga sabon in raba a kasuwar Korgom, ko hakan ƙara tuna ma mutane zai yi? In tahi Maijirgi in roƙi tsohon nan shi zo da kanshi shi hiddo abokinshi? Wanda ya taɓa kunyata babba a gaban tsaranshi ba da niyya ba, don Allah shi hwaɗa mani yadda ya yi. Ni dai so nike in ga Kawu zaune a majalisa, ko da ba zai sake yi mani magana ba.