Ranar da Uwar Duwatsu Ta Yi Gyaran Murya

Zuwa ga maigidana, Mai Awo,

Sallama da gaisuwa daga wadda ta yi wata huɗu tana ɗauko kofinka da safe bisa mantuwa. Ya jiki, ya sanyi, ya kogin naka? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har tana hawa matakala ba tare da ta yi wa wanda ya gina benen faɗa ba.

Direban motar kayanku ya kawo wasiƙarka ranar Talata. Layi tara ce, na ƙirga. Huɗu duk lambobi ne, ruwa ya hau, ruwa ya sauka. Ni da na saba da littattafan da namiji ke cika shafi uku kafin ya ce ina kwana! Amma layin ƙarshe ya hana ni sukuni. Ka ce ofis na so ka zauna a tashar awon ruwan shekara uku, akwai ɗakin iyali, amma za ka ce musu a'a, don can ba wurin zamana ba ne. Ka ce ƙarshen watan gobe suke jiran amsa.

Don Allah kada ka amsa tukuna. Na gan ka lokacin da kake aikin tebur, kana dawowa gida kamar tsumman da aka matse. Tun da ka tafi arewa har rubutunka ya miƙe.

Tunda ka ƙi gaya mini yadda wurin yake, na samo wanda zai gaya mini. Mai hayar littattafai na kusa da shagon tela ya ba ni wani ɗan littafi, kashi na ɗaya. Akwai wata tsohuwa a ciki, Uwar Duwatsu, tana zaune can ƙarshen arewa inda hanya ta ƙare. Abin mamaki, marubucin bai taɓa tsayawa ya kwatanta dajin ba, ita kaɗai yake kwatantawa. Dugaduganta sun tsattsage kamar gindin tafkin da ya ƙafe. Bukkarta ba ta da ƙofa. In ka gaishe ta ba ta amsawa sai ta kwana uku tana kallonka. Ta tsinci wani matafiyi ya suma, ta ba shi ruwa da bakinta kamar tsuntsuwa, washegari jakinsa ya zame a kan dutse tana gani, ko juyawa ba ta yi ba. Ba ta ƙinsa, ba ta sonsa. Ina tsakiyar wanke-wanke abin ya faɗo mini, na ce ai wannan ba mutum ba ce, dajin ne aka ɗaura wa zane! Inna ta leƙo ta ce da wa nake magana, ko mutanen littafin sun fara zuwa taya ni aiki.

To, Mai Awo, haka wurinku yake? Ka amsa mini da kalmomi, ban da lamba.

Na sa maka safa biyu da man leɓe. Ka gaida maigadin tasharku da iyalinsa.

Taka har kullum,
'Yar Littafi

*

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Inna lafiya, sai ƙorafin ba ka rubuto mata ko layi ɗaya ba.

Shafi biyu cur! Na zauna a bakin gado na yi dariya har da hawaye. Ashe ka iya magana, ɓoyewa kake. Ka ce wanda ya rubuta littafin tabbas ya taɓa kwana a can. Ka ba ni labarin iskar da ke tashi bayan azahar ta kwashe duk abin da ba a danne da dutse ba, da kwanakin da ba ka jin muryar kowa sai ta kogi. Mutum ba ya rubuta haka a kan wurin da yake son bari. Sannan ka ɓata komai da layin ƙarshe, wai dalilin da ya sa ba za ka kai ni wajen wannan tsohuwa ba ke nan.

Na gama kashi na biyu. Wata yarinya 'yar birni ta je zama wurin Uwar Duwatsu. Ranar farko ta share tsakar gida, iska ta dawo mata da sharar. Ta kafa ƙofa, da safe ta tarar an hura wuta da ita. Na ji haushin tsohuwar, sai daga baya na ga yarinyar ce ba ta tambaya, gyara kawai take. Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali. Tsohuwar ba ta taɓa sauke fushinta sai ta yi gyaran murya tukuna, wani sauti daga can cikin ƙirji, wanda ya ji ya kauce ya tsira. Ka ga ke nan ba maciya amana ba ce.

Na koma karɓar kashi na uku, mai haya ya ce wata ta ara ta tashi daga unguwar da shi. Yanzu ban san ko yarinyar ta zauna ko ta gudu ko ta mutu ba. Tela yana jinmu ya ce in kwantar da hankalina, a irin littattafan nan ƙarshenta dai aure za a yi, ko da dutsen ne.

Ba zan ɓoye maka ba, ina tsoro. Ni da ƙadangare ke kora daga banɗaki. Amma na fi tsoron ka dawo saboda ni, in riƙa kallonka kana kallon bango. Na yi wa Inna maganar ina ɗari-ɗari. Ta ce ita ta gaji da ganina ina shanya a baranda ina leƙen arewa kamar mai jiran hadari, in je in gani da idona, ƙanwarka za ta dawo wurinta. Ta ƙara da cewa in tafi da takalmin kirki, ba wannan mai tsinin da ko kasuwa ba ya kai ni ba.

Saboda haka zan biyo motar kaya ta gaba. Mako biyu zan yi, in dawo da mota ta biye, ita ce kuma za ta kai amsarka ofis. Kada ka ce kada in zo, kafin amsarka ta iso ina hanya.

Matarka mai kewarka,
'Yar Littafi

*

Mai Awo,

Ina gaishe ka, ko da yake tare muka karya, kuma ta taga ina hango ka a bakin sandar awo. Ya gajiyar jiya? Na san ba ka huce ba. Kwana biyu ke nan in na buɗe baki sai ka ce an gama magana, shi ya sa na koma ga takarda. Zan sa ta cikin littafin awonka, inda na tabbata za ka buɗe.

Ka ji labarin daga bakin maigadi, ba ka ji daga nawa ba. Ranar da ka hau tudu gyaran sandar sama, gari ya waye tas, ko ɗigon gajimare babu. Na kwashi wankinmu na sauka kan faffaɗan dutsen nan na tsakiyar kogi. Ka gaya mini, ban musa ba, cewa ruwan da aka yi can bayan duwatsu yana iya isowa nan rana na haskawa. Na ji da kunne, amma idona ya ga sama fes, sai na bi idona.

Na wanke riguna uku, na shimfiɗa su, na buɗe kashi na biyu ina sake karantawa. Sai na ji shi. Wani sauti daga can sama, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin ƙirjin babban mutum. Ga abin da na kasa faɗa maka baki da baki: na gane shi sarai. Na san ko mene ne. Amma maimakon in gudu, sai na miƙe tsaye da littafi a hannu, tsigar jikina na tashi don daɗi, ina cewa wallahi ga shi, daidai yadda aka rubuta! Tsayawa na yi ina saurare, kamar akwai shafi na gaba da zan buɗe.

Matar maigadi ce ta fizgo ni ta wuyan riga. Ban san lokacin da ta sauko ba. Ta ja ni a kan duwatsu har gwiwata ta goge, muna hawa gaɓa ruwan ya iso, ja wur, da itatuwa a ciki. Ya tafi da rigunanka da bokiti da littafin mutane. Da ta samu numfashi ta ce shekararta goma sha ɗaya a nan, ta ga akuya ta tsaya, ta ga jaki ya tsaya, amma ba ta taɓa ganin mai hankali ta tsaya tana yi wa ambaliya murmushi ba. Ta ce in wannan ne karatun boko ta gode Allah da aka cire ta tun aji biyu. Sannan ta zaunar da ni ta wanke mini gwiwa.

Na ga fuskarka da ka dawo. Na kuma ga takardar a'a da ka rubuta wa ofis, tana ƙarƙashin fitila. Ba na ganin laifinka.

Amma ka duba da kyau. Dajin bai yaudare ni ba, littafin ma bai yi ƙarya ba. An yi mini gyaran murya, ni ce na tsaya kallo. A littafi, in tsohuwar ta fusata ina kwance a kan gado, iyakarta in juya shafi. Na zo nan da wannan halin, na ɗauka ni baƙuwar kallo ce. Ruwan nan bai san ina son sa ba, kuma ko ya sani ba abin da zai canza. Na fahimci wannan yanzu, da gwiwata na fahimta.

Kuma akwai abin da marubucin ya bari. Ya sa tsohuwar ita kaɗai, don ya fi daɗin karantawa. Bai rubuta matar maigadi ba, wadda ta yi renon 'ya'ya huɗu a bakin kogin nan ba wanda ya rasa ko ɗan yatsa. Jiya ta nuna mini layin da ruwa ya bari a jikin duwatsu, ta ce ƙasa da shi ba a ajiye komai, ba a juya wa tudu baya. Ta ce in zan zauna za ta koya mini sauran, da sharaɗin in bar littafi a ɗaki.

Ina so in zauna. Ba don kai kaɗai ba. Da safen nan na fito na ga hazo kwance a kwarin, duwatsu sun leƙo ta samansa, ban tuna da kowane littafi ba sai da na dawo ciki. Tsoron yana nan, ban ce ya tafi ba. In ka mayar da ni, zan koma ban yi maka musu ba. Amma kada ka ce don ni ka yi.

Gobe motar za ta zo.

Mai laifi, mai son ka,
'Yar Littafi

*

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙafa, ya gida, ya ƙanwata da ke karanta miki wannan? Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, direba yana sauke buhuna.

Ɗanki lafiya, ya ɗan rame amma yana ci. Direba zai ba ki wani labari a kaina da kogi. Gaskiya ne, sai dai ki rage kashi ɗaya cikin uku, kin san bakinsa. Gwiwa ce kawai, ta fara warkewa.

Yau da safe ɗanki ya ajiye ambulan biyu a kan tebur, ɗaya a'a, ɗaya to. Ya zauna ya ɗaura takalmi. Ya ce shi ya kasa, duk wadda na miƙa wa direba ita ce amsarsa, amma in rantse ba zan ƙara sauka kogi ni kaɗai ba har sai matar maigadi ta ce na isa. Na rantse. Ya fita da sauri wai zai duba sanda, alhali bai daɗe da dubawa ba.

Na zauna ina kallonsu har shayina ya huce. Inna, na tuna barandarmu da hirarmu ta yamma, na yi kuka sosai. Sannan na miƙa wa direba ta biyun, mai cewa to.

Don Allah a haɗo mini bargona mai kauri, da keken ɗinkina in zai shiga mota, da babbar tukunya. A je wurin mai hayar littattafai a ba shi haƙuri, a ce kogi ya ci littafinsa, ni da kaina zan rubuto masa. Takalmin nan mai tsini kuma a ba ƙanwata, ta daɗe tana harin sa.

Ki sa mu a addu'a, ki kuma yafe mini barinki da na yi. Direba ya tayar da mota, Inna, kujerar da na zo a kanta buhun wofi aka ɗora mata.

'Yarki,
Matar Mai Awo