Jar Motar da Ba Ta Taɓa Taka Titi Ba

Assalamu alaikum, Mak Ngah.

Ke da kike amsa wasiƙun masu neman shawara a jarida, don Allah ki taimake ni kafin ashirin ga watan gobe. Ni ne na saba jefa mutane cikin tsaka mai wuya in koma gefe ina dariya, yau ga shi na jefa kaina, dariyar kuma ta ƙi zuwa.

Ba zan faɗi sunana ba, ko sunan tsibirinmu, don gidajenmu ba su kai ɗari ba, kowa ya san muryar tarin kowa. Ki dai sani tafiyar minti arba'in ce daga Batam a kwale-kwale mai inji. Gidajenmu kan turaku suke bisa ruwa, titinmu katako ne, kuma tun da Allah ya yi tsibirin nan mota ba ta taɓa taka shi ba. Shekarata ashirin da uku. Boko ban yi ba, karatuna na allo ne kawai wurin malaminmu Tok Guru, izu arba'in a ka, sai bulalar da ba ta ƙirguwa, yawancinta ladan kaguwar da nake sa wa mutane a takalmi. In kin ga rubutuna na karkacewa, hannun ya fi sabawa da tafiya daga dama.

Sana'ata fito, ina kai mutane Batam in dawo da su. Bayan azahar fasinja kan ɗauke ƙafa, sai in kwanta cikin kwale-kwale, ruwa na lilo da ni, in buɗe taswirar nan ta hoton tauraron ɗan adam a waya. In ɗora yatsa kan rufin gidanmu, in ja. Ruwa ya wuce ƙarƙashina, kore, sannan shuɗi, jiragen dakon kaya warwatse kamar an zubar da ashana, sai ga Singafo. Ba fasfo, ba mai tambayata ina za ni. Ina shawagi kamar alhudahudan Annabi Sulaimanu, ina leƙa bayan katangar masu kuɗi. Farare da baƙaƙen motoci ni da abokan farautata ba ma kallonsu, waɗannan ƙananan kifin shanya ne. Wadda muke nema ita ce motar tsere, mai kwanciya a ƙasa, mai faɗin ƙugu da siririn hanci, ja ko ruwan ɗorawa, ita kaɗai kusa da wurin ninkaya kamar ta gaji da kowa. In na ga ɗaya, Mak Ngah, sai in daɗe ina kallonta. Girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma har ƙamshin kujerunta nake ji, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba.

Muna da zauren hira a waya na masu farautar irin motocin nan a taswira, mu wajen sittin, daga Batam, Johor, har Medan. Wanda ya tsinci mota ya sa hoto da inda take. Alƙalinmu wani tsoho ne a Tanjung Pinang, Pak Itam Bahrum. Shekara talatin ya yi a ƙofar wani otal a Singafo yana karɓar makulli yana ajiye motocin baƙi. Ya ce babu irin da bai tuƙa ba, amma ko ɗaya bai taɓa wuce taku ɗari huɗu da ita ba. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a gidan 'yarsa, da yatsa ɗaya yake rubutu. Amma yatsan nan! Sai ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya auna inuwa, don ya ce motar tsere gajerar inuwa gare ta. Sau goma sha ɗaya yana watsa mini ƙasa a ido. Wata da na sa ya ce tankin ruwa ne. Wata ya ce rumfar biki ce, in je in ci shinkafa in bar mutane su huta. Ni ina kiransa Alƙalin Alƙalai, shi yana kirana ɗan kaguwa, wai na san gefe-gefe ban san gaba ba.

To, a nan shaiɗan ya zauna kusa da ni.

Akwai tsohon kwale-kwalen mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Na ja shi na kifa a kan dandamalin da Mak, wato mahaifiyata, take shanya kifi. Na yanke katako na faɗaɗa masa ƙugu, na shafe shi da jan fentin jirgi, na manna baƙar leda a gurbin gilashi. Na kwance tayoyi huɗu daga cikin waɗanda muke ratayawa a jikin gada don kada jirgi ya bugu, na shimfiɗa su gefe da gefe, na fito da su sosai yadda za a gan su daga sama. Ba wanda ya san ranar da tauraron ke wucewa, don haka wata bakwai abin nan yana nan. Wata bakwai Mak na shanya kifinta a kan rufi tana cewa ta haifi wanda ke yi wa sama kwalliya. Kullum in fito in ɗaga kai in ce wa gajimare ya matsa. Da damina ta matso na gaji, na mai da tayoyi, na jingine kwale-kwalen a ƙarƙashin gida, na manta.

Sai bayan shekara ɗaya da rabi aka sabunta hoton yankinmu. Wallahi ban ma lura ba. Pak Itam ne ya gano ta, shi da kansa. Ya sa hoton a zaure, ya rubuta: "Jama'a, ga ta. Ja, a tsakiyar teku, inda babu titi."

Mak Ngah, ta yi kyau. Ni da na yi ta sai da na sake dubawa. Tana zaune kan katako, ruwa kore kewaye da ita, kamar yanzu ta fito daga cikin tekun tana shan iska.

Zaure ya kama da wuta. Wani ya ce ta masu fasa-ƙwauri ce, wani ya ce wani attajiri ne ya ɓoye wa matarsa. Pak Itam bai auna komai ba a wannan karon, ba tsawo, ba inuwa. Cewa kawai ya yi ta tuna masa da wata ja da wani baƙo ya taɓa miƙa masa makullinta ranar da aka haifi 'yarsa, ya zauna a ciki minti biyu bai tayar ba, yana jin ana ruwa a kan rufin. Ya ƙara da cewa tayoyinta sun fito ɓaro-ɓaro, masha Allah. Sannan ya tambaye ni, tun da tsibirinmu ne, ko na san ta.

Nan ne ya kamata in fashe da dariya in ce na kama Alƙali. Shekara biyu nake tanadin dariyar nan. Amma labarin ruwan kan rufi ya hana ni. Na ce e, na san ta. Na ce wani mutum ne ya kawo ta a jirgin dako, ba ya son a san shi. Daga nan kullum sai ya tambaye ni lafiyarta, ni kuma in ƙara gishiri. Na ce ana goge ta ranar Juma'a. Na ce in an tayar da ita kifi kan yi tsalle. Abin da ya fi ba ni tsoro, ina faɗa ina ganin abin a idona, har nakan wuce dandamalin in sassauta tafiya.

Makon jiya 'yarsa, Kak Marlina, ta kira ni. Ta ce shekara biyu likita na fama da shi ya motsa ƙafa yana ƙi, ya ce ina za shi. Tun da ya ga motar nan ya sa aka kawo sanda. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bishiyar mangwaro, yanzu yana koyon hawa matakala, don ya ce ba wanda zai ɗauke shi kamar buhu a saka a jirgi. Ta ce takan same shi ya buɗe hoton yana dariya shi kaɗai. Sun sa rana, ashirin ga wata za su zo, ni zan ɗauko su daga Batam. Ta yi ta yi mini godiya.

Me zan nuna masa? Kifin Mak?

In na faɗi gaskiya, ina tsoron ya ajiye sandar ya koma gado, ga kunya a gaban mutum sittin da ba su taɓa ganin ya yi kuskure ba. In na ce mai motar ya ɗauke ta, na ƙara ƙarya kan ƙarya, kuma na kashe tafiyar. Na je wurin Tok Guru, na zauna, na kasa faɗa masa, ya ba ni shayi ya ce in duba takalmina kafin in sa. Ki gaya mini abin yi, ko zagi ne zan ɗauka.

Ɗan Kaguwa, daga wani tsibiri

*

Wa alaikumus salam, Ɗan Kaguwa.

Zagin ba zai yi yawa ba, don wasiƙarka ta nuna ka riga ka yi wa kanka rabinsa. Amma bari in raba maka abu biyu da ka cakuɗa. Kifa kwale-kwale da shafa masa fenti wasa ne, kuma na yi dariya har jikata ta leƙo. Wanda aka zalunta a nan mahaifiyarka ce, da ta yi wata bakwai tana hawa rufi, ka je ka ba ta haƙuri. Ƙarya ta fara ne ranar da dattijo ya tambaye ka ka ce e. Na yarda tausayi ne ya sa ka, amma kai mai izu arba'in ba sai na gaya maka tausayi ba ya halatta ta ba. Kada ka ƙara ko ɗaya. Batun mai mota ya ɗauke ta, cire shi daga ranka.

Tsoronka kuma ba na banza ba ne. Mutumin da ya sami dalilin tashi bayan shekara biyu, ba a fizge masa dalilin da gaggawa.

Sai dai na yi wani abu bayan na karanta wasiƙarka. Na hau bene na uku na ofishinmu na leƙa motocin da ke ƙasa. Ɗana, ba a ganin tayar mota daga sama. Jikinta ya rufe su. Kai da ka tashi inda babu mota ba ka san haka ba, ka shimfiɗa naka huɗu a fili don a gani. Shi kuwa shekara talatin yana cikinsu. Mutumin da ya bambance tankin ruwa da mota ta hanyar inuwa, ya ƙi auna wannan kaɗai, ya yaba tayoyinta a gaban jama'a, sannan cikin mutum sittin ya juyo ya tambaye ka kai. Kuma yana kallon hoton yana dariya. Ban rantse ba, don ciwo kan taɓa ido da tunani, kuma wani lokaci mutum kan ga abin da ransa ke so. Amma ina kyautata zaton ba kai kaɗai ne ɗan tsokana a zauren nan ba, kuma ba mota yake koyon hawa matakala don ya gani ba.

Ko ya sani ko bai sani ba, abin yi ɗaya ne. Ka fara kiran Kak Marlina yau, ka gaya mata komai. Ita ke jinyarsa, ita ta san ranar da yake da ƙarfin jin magana, kuma ita ce na tabbata an yaudara. In ta yi fushi, ka yi shiru ka saurara. Sannan kada ka jira ashirin ga wata, kuma kada ka rubuta masa a waya. Ka ajiye fito na kwana ɗaya, ka riƙo busasshen kifin mahaifiyarka, ka je Tanjung Pinang ka zauna a gabansa ka faɗa da bakinka. A zaure kuwa kai za ka yi bayani, ka ce kai ka gina, kai ka yi ƙarya da aka tambaye ka. Kunyar taka ce, kada ka bar masa ko kaɗan.

Abu na ƙarshe, kada ka soke tafiyar. Kafin ka tashi daga gabansa, ka roƙe shi ya zo ranar da aka sa ya gyara maka aikinka. Ka nemi izinin mahaifiyarka na kwana uku, ba wata bakwai ba, ka fito da kwale-kwalen mahaifinka, ka sabunta fentin, ka ajiye kujera a gefe da shayi. Ka sake shimfiɗa tayoyin yadda ka sa su da farko, don ya sami abin da zai yi maka faɗa a kai. Mutumin da ya yi shekara talatin ana miƙa masa makullin motar wasu, bai taɓa samun wadda aka yi dominsa ba sai wannan.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya, ya kai ku ashirin ga wata lafiya. In ya sauko daga jirgi da ƙafarsa, ka riƙe masa sandar, kuma ka duba takalminka kafin ka sa.

Mak Ngah