Kunnen Hagu

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

Wata uku cif da 'yan bindiga suka tare mu a hanyar Janbako. Wanda ya harbe direbanmu, a kafaɗata ta hagu ya ɗora bakin bindigar. Tun ranar kunnen ya mutu, na daman ma sai shuuu. A gida na ce lafiya lau. A jami'a ma haka.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Na faɗi gwajin lissafi. Ashe malamin ya sauya tambaya ta biyu da baki. Kowa ya ji. Na yaga takardar, na naushi bango har yatsuna suka fashe.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na daki Sufyanu, abokin zamana a aji.

Muna fitowa na juya na ga bakinsa na motsi, na bayansa suna dariya. Jinina ya hau. Naushi ɗaya, ya kife kan dakali, haƙorinsa a ƙasa, jini har aljihun riga. Ban tsaya ba, na ƙara masa da ƙafa. Mutum huɗu suka janye ni.

Daga baya Nazifa, shugabar ajinmu, ta zo daf da fuskata tana kuka: "Littafinka ka bari, shi yake miƙo maka!"

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Hannuna ya kumbura. Ya yi daidai.

Lahadi, 3 ga Maris

Na je gidan su Sufyanu a Bakura. Mahaifinsa ya amsa gaisuwata a tsaye, bai ba ni hannu ba. Sufyanu ya fito, leɓe a ɗinke. Na fara kame-kame, ya zagayo ta damana ya zauna.

"Mas'udu, na daɗe da sani. Mi kake zato ya sa kullum nike zama ta nan ɓangaren?"

Da ma rama dukan ya yi.

Talata, 5 ga Maris

Kwamitin ladabtarwa ranar Alhamis. Wataƙila su kore ni.

Yau na zauna a layin gaba, don fankar baya ta lalace ne kawai. Malam ya faɗi wani abu yana fuskantar allo. Sai ga hannuna a sama.

"Malam, a maimaita. Ba na ji sosai."

Ajin ya yi tsit, ko kuma ni ne ban ji ba. Malam ya juyo, ya maimaita. Na rubuta.