Gilashin Ɗakin Umma

Apo, Abuja
4 ga Yuni

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙafar? Ina fatan shan maganin kake yi, ba ajiyarsa a aljihu ba. A gaishe da Goggo Hajjo da ɗawainiya.

Baba, tsagar da ke bangon ɗakin marigayiya Umma ba ta kwanta mini ba. Shi ya sa na liƙa siririn gilashin nan a kanta da siminti. Haka mu injiniyoyi muke yi: in ginin yana motsi, gilashin zai fashe; in ya yi wata uku lafiya, sai a yi faci a manta. Don Allah kada kowa ya taɓa shi. Na san za ka ce gidan nan na Kubwa ya girme ni da digirina. Na yarda, amma ga damina ta kankama.

'Yarka,
Kauthar

30 ga Agusta

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya. Na kira har na gaji ba ka ɗaga ba, shi ne na koma takarda.

Sau uku ina zuwa in tarar da gilashi lafiya lau, in koma ina hamdala. Ran Asabar na shafa shi na ji kauri. Ashe gilashin taga ne! Goggo ta yi ta kauce-kauce, daga baya ta faɗa mini wanda na liƙa ya fashe tun sati na biyu, wannan shi ne na huɗu da ka liƙa. Tsagar da a baya da ƙyar allura ke shiga yanzu yatsana take ci, ta gangara har harsashin ginin.

Ban yi fushi ba, kuka na yi a mota. Na san Umma ce ta riƙa ba bulon nan ruwa da bokiti tana ɗauke da cikina, kuma a ɗakin ta cika. Ni ma nan nake shiga in na yi kewarta.

Amma na sa hannu a takardar rahoton da za a kai wa hukuma, Baba. Da kaina na rubuta cewa gidan ba ya zaunuwa, don ban so baƙo ya rubuta ba. Ran Alhamis zan zo da mota in ɗauke ku. Goggo ta ce ka rantse ba za ka ƙara yi mini magana ba. Na ji, ka zo ka yi shirun a gidana. Na riga na rasa Umma, ba zan tsaya a bakin ɓaraguzai ina kiranka ba.

Allah ya huci zuciyarka.

'Yarka,
Kauthar