Babur ɗin da Na Rage wa Nauyi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya yara da mamansu? Ni lafiya lau, aiki sai godiya, kada ku damu.

Ka tuna babur ɗin tsere mai ƙafa huɗu da maigida ya damƙa mini a gareji? Wata uku ina kansa. Na sauya masa ƙafafun ƙarfe da na alminiyo, na sa masa ƙaramin batir da salansa, wato bututun hayaƙi, mara nauyi, har na rage masa kilo goma sha biyu. Maigida da bakinsa ya ce ni zan hau shi ranar gasa.

Ana saura mako ɗaya sai ya kawo sikeli, ya ce mu hau, ni da abokin aikina da muke kira Tsinke. Na fi shi da kilo ashirin. Maigida ya yi dariya ya ce, "Abin da ka cire wa babur ai tumbinka zai mayar masa." Aka ba Tsinke, kuma ni aka sa na gyara mazaunin daidai tsawonsa.

Ya zo na ɗaya, Yaya. Na tafa kamar kowa, amma ranar nan abinci ya ƙi shiga. An manna hotonsa a ƙofar gareji, ni kuwa hannuna kawai ya fito a gefe, riƙe da sifanar kwance noti.

Ka ce wa Inna ta sa ni a addu'a. Kullum muna gaisawa da Tsinke, amma har yau na kasa yi masa barka.

Ƙaninka.