Ƙofar Da Kozue Za Ta Shiga

Zuwa ga Tokiko, matata, farin furen tuffa na gonakin Hirosaki, sanyin rafi a tsakiyar zafi, hasken safiya a kan tsaunin Iwate, abokiyar shayina da abokiyar shiruna.

Zafin bana ya tsananta a Morioka. Gyare na ta kuka a itatuwan bakin kogi tun hantsi har faɗuwar rana, kamar an ɗora masa makokin garin duka. Ina fatan ciwon gwiwarki ya lafa, ina fatan yayarki, Yaya Misao, tana tilasta miki cin abinci.

Kin ga na rubuta sunanki. Hannuna ya daɗe a kan takarda kafin ya yarda. Tun ranar da aka haifi 'yarmu Kozue na bar kiran ki da shi, na bi bakinta ina ce miki Mama, ke ma kika koma ce mini Baba. Da ciwo ya ɗauke ta a ƙarshen sanyi, sai na rasa abin da zan kira ki. In ce Mama, maman wa? In ce Tokiko, bakina ya manta hanya. Sai na yi shiru, ke kuma kika ɗauki shirun nan a matsayin hukunci.

Na san ranar da zuciyarki ta juya mini baya. A wurin jana'iza ni ne shugaban makoki, kuma aikin shugaban makoki shi ne ya tsaya ya gode wa baƙi. Ƙawayenta suka sa waƙar da ta fi so yayin da ake fitar da akwatin, mata suka fashe da kuka, ni kuwa na sunkuya na yi jawabina babu kuskuren kalma ko ɗaya. Bayan an ƙona gawar aka miƙa mana sanduna irin na cin abinci, kamar yadda al'ada ta tanada, muka kama ƙashi guda tare, ke da naki ni da nawa, don mu sa shi a tulu. Hannunki yana ta rawa. A mota kika ce, ba tare da kin dube ni ba: “Ko ƙashin 'yarka bai sa hannunka rawa ba.” Ya rabin raina! Da nawa ma ya yi rawa, da ƙashin ya faɗi ƙasa. Dole ɗayanmu ya riƙe ta. Ban faɗa miki haka a motar ba, domin na san in na buɗe baki ba magana ce za ta fito ba. Da aka gama addu'ar kwana arba'in da tara kika haɗa kayanki, kika tafi gidan yayarki a Hirosaki, kika ce ba za ki iya tsufa kusa da dutse ba.

Kin tuna ɗakin girkinmu da yamma? Ke kina wanke kwanuka, ita tana gogewa, rediyo a kan firji yana zuba waƙoƙin nan na matasa: yarinyar da aka bari a tashar jirgin ƙasa cikin ruwan sama, saurayin da ya tafi Tokyo bai ƙara waiwayowa ba, rantsuwar cewa wannan ita ce soyayya ta ƙarshe. Kuna bin waƙar da murya ɗaya, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Kozue takan leƙo ta bayan jaridata ta ce: “Ranka ya daɗe mai shari'a, a yanke wa saurayin nan hukunci mana, ya bar 'yar mutane tana jiƙewa!” In ce ba a gabatar da shaidu ba tukuna. Ke kuma ki ce: “Rabu da babanki, zuciyarsa tana ajiye a kotu, sai ya yi ritaya za su miƙo masa abarsa.” Ku yi ta dariya har shinkafa ta kusa kamawa. Ban taɓa karanta layi ɗaya na jaridar nan ba muddin kuna waƙa. Shafi nake juyawa kawai don kada ku gane ku daina.

Yanzu na yi ritaya, an miƙo mini abata, ga ta nan a hannuna ban san inda zan ajiye ta ba. Waƙoƙin nan kuwa sun bi ni ko'ina. Suna kanti, suna tasi, suna shagon aski. Wata rana na tsaya zaɓen tumatir sai waƙar jana'izar ta sauko daga rufin kanti. Na ajiye kwandon a hankali, na gyara hulata, na fita. Ina tsohon alƙali zai kai kukansa a garin da kowa ya san fuskarsa? A gida bango siriri ne, maƙwabta za su damu, su aiko da miya da tambayoyi. Sai na tuna gidan karaoke na bayan tashar jirgi, inda kuke zuwa ke da ita ku kama ɗaki ku yi ta rera waƙa, ɗakunan da sauti ba ya fita daga cikinsu.

Can nake zuwa da rana tsaka, sanye da kwat ɗina. Dattijuwar da ke karɓar baƙi ta saba da ni, takan ce: “Malam, yau ma kai kaɗai? To ɗakin ƙarshe, babu mai damun ka.” In rufe ƙofa, in zaɓi waƙar Kozue. Da farko kiɗan kawai nake bari ya yi ta tafiya, kalmomin suna wucewa a kan allo, ni ina zaune da makirufo a cinya. Daga baya na fara bi. Na'urar tana ba mai waƙa maki idan ya gama, kuma ban taɓa ganin alƙali marar tausayi kamarta ba. Da kin ga abin da take ba ni da kin yi dariyar da na fi kewa a duniya.

A ɗakin nan na fahimci abin da kuke ji. Mawaƙan yara ne, ba su san me ake nufi da ƙarshe ba, gobe za su so wani. Amma kalmomin da suke furtawa sun fi su tsufa. Idan yarinyar ta ce har yanzu tana ajiye kofi biyu a kan tebur, ni ne. Idan ta ce tana jin takun wanda ya tafi a kan matakala, ni ne. Na shiga ɗakin ina neman 'yata, sai na tarar rabin kowace waƙa ke ce. Kozue mutuwa ce ta ɗauke ta, ba ni da inda zan ɗaukaka ƙara. Ke kuwa kina raye, kina shan iska ɗaya da ni, tafiyar jirgin ƙasa ce kawai tsakaninmu, kuma ban iya isa gare ki ba! Ya ke ruwan farko bayan dusar ƙanƙara ta narke, ya ke ƙamshin sabuwar tabarma, ya ke wata a kan gonar shinkafa, wane ne ya isa ya ce soyayya ta ƙarshe in ba tsohon da ya kusa saba'in ba? Ban so kowa kafin ke ba, kuma babu sauran rai a gabana da zai ɗauki wata.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Obon, bikin da ruhin mamata ke ziyartar gidajensu, ya matso, kuma wannan ne na farko tun rasuwarta, karo na farko da za ta dawo gida. Na sayi farar fitilar takarda da ake rataye wa sabon mamaci don kada ya ɓata hanya. Na tanadi karan rama na wutar maraba. Na gwada yin dokin kokwamba da zai kawo ta da sauri, da saniyar gauta da za ta mayar da ita a hankali, amma ƙafafun sun ƙi daidaita, dokin yana ta faɗuwa ta gefe. Ke ce mai yin su kowace shekara. Da na buga waya, Yaya Misao ta ce: “Mai shari'a, tana hutawa. Kuma kada ka wahalar da kanka, mu ma mun sayi tamu fitilar.”

Tun da na ajiye wayar ban sami natsuwa ba. Fitila biyu, wuta biyu, ƙofa biyu a garuruwa biyu! Yarinyar da ko a tashar jirgi sai ta kira mu ta tambayi ta ina za ta fita, yaya za ta yi a tafiyarta ta farko daga can? Ta tsaya a hanya tana zaɓe tsakanin uwa da uba? Ba mu taɓa sa ta wannan zaɓen tana raye ba. Ina roƙon ki kada mu sa ta yanzu.

Ki dawo, Tokiko. Ki dawo mu durƙusa a ƙofar da ta sani, ke ki riƙe karan ni in kyasta ashana. Ba na neman ki yafe shiruna a rana ɗaya, ba na neman ki kwance jakarki. Kwanakin bikin kawai nake roƙo, abin da ya biyo baya yana hannunki.

Idan kuma zuciyarki ta ƙi, to na riga na yanke hukunci, kuma a kaina na yanke shi. Ba zan kunna wuta a Morioka ba. Zan naɗe fitilata in mayar da ita cikin kwalinta, in bar ƙofarmu cikin duhu, domin Kozue ta ga haske ɗaya tak ta nufe shi, wurin mahaifiyarta. Ni kuma zan hau jirgi in zo Hirosaki, in tsaya a tsallaken titi, ƙarƙashin itacen tuffa na bakin gonar Yaya Misao, inda ba zan takura wa kowa ba. Ba zan ƙwanƙwasa ba. Idan kin ɗaga kai daga wutar kika ga wani tsoho da hula a hannu, kika ga dama ki ce ya matso, zai matso. Idan ba ki ce ba, zai tsaya har karan ya cinye, ya san 'yarsa ta shiga gida lafiya.

Naki a wannan rayuwa, naki a ranar da za a kunna mini tawa wutar,

Mijinki,
Teruhisa