Wai Sai An Tone Kawu Sule

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya aiki, ya iyali? Mu nan Zoza lafiya, sai damuwa.

Jiya muka ji a rediyo wakilinmu ya yi tambaya a majalisa a Legas kan sojojin da suka harbe Kawu Sule a shingen hanya. Aka ce masa wai ba takardar likita, don haka ba shaida. Kafin la'asar muka binne shi, wa ya tuna da wata takarda? Yanzu wai sai an tone shi. Inna ta ce sai dai bayan ranta.

Ka rubuto shawararka. A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Ni na yi masa wanka, Yaya. Yatsana ya shiga ramin harsashin.

Ƙaninka,
Musa